Tambaya da Amsa: Gafakar Kaka da Ɗakin Adana Kayan Tarihi na Jami'a

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda: tsofaffin rubuce-rubuce da kayan gado da ke gidajenmu a Bauchi da Gombe, da yadda sashen adana kayan tarihi na ɗakin karatun jami'a yake bi da irinsu. Masu aikin adana takardu ne suka amsa.

TAMBAYA: Mun gaji gafaka uku daga kakanmu, cike da takardun Larabci da na ajami. Wasu sun yage, gefen wasu yana marmashewa, kuma akwai ƙananan huji kamar na allura. Ƙanena ya ce a kai a yi musu laminatin. Ya kuka gani? Daga wani mai karatu a Nafada.

AMSA: Malam, don Allah ka dakatar da ƙanen naka tun yau. Laminatin zafi ne da gam, robar tana narkewa ta shige jikin takardar, kuma ba ta ɓaruwa sai da rubutun. Haka salatif: bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana komawa ruwan ƙasa, ya ratsa takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Sau da yawa gyaran gida ya fi yi wa takarda ɓarna a kan tsufa.

Aikin farko shi ne tsare jerin shafukan. Littattafanmu na dā ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, an ɗaure da tsirkiyar fata an sa a gafaka. Abin da ke riƙe jerin shi ne kalma ɗaya da marubuci ke sawa a ƙasan bayan ganye, wadda ita ce kalmar farko ta ganyen gaba. Idan gefen ya marmashe kalmar ta tafi, sai mai ilimin littafin kaɗai zai iya mayar da shi. Saboda haka ka wanke hannu ka busar, ka shimfiɗa farin zane a kan tebur, ka fito da ɗauri ɗaya kawai, ka sa wa kowane ganye lamba a kusurwa da fensir mai laushi, irin 2B, yadda ka same su. Ko ka ga kamar an hargitsa su, kada ka gyara jerin kafin ka sa lambar. Biro kuwa kada ya kusanci teburin. Kada a lashi yatsa don juya shafi, kuma safar hannu ba ta da amfani a nan, domin tana hana ka jin takardar, sai ka yaga ba ka sani ba.

Ƙura, a share ta da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Idan ka ga tawadar tana ɓarewa kamar ɓawo, bar wurin. Tawadar gawayi da ƙaro a saman takarda take zaune, ruwa kaɗan ya wanke ta, kamar yadda ake wanke allo. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa tana shiga jikin takarda, kuma idan damshi ya same ta tana cin takardar har haruffa su zube su bar gurbinsu. Idan ka ɗaga ganye ga haske ka ga layin rubutu ya zama kamar rariya, wannan ne.

Hujin nan aikin ƙwari ne. Ka buga gafakar a hankali a kan farar takarda: idan gari mai haske ya zubo, suna nan da rai. Kada ka fesa fiya-fiya, kada ka zuba kananzir, suna ɓata tawada suna barin maiƙo. Hanyar da ɗakunan adana ke bi ita ce sanyi. A tabbatar takardun a bushe suke, a naɗe ɗaurin da farar takarda, a sa a leda mai kauri, a matse iskar, a rufe ruf, a ƙara leda ta biyu. A ajiye a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili har mako guda. Da an fito da shi a bar shi a rufe awa 24, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan ledar. Matsalar wannan a wurinmu ita ce wuta: idan aka ɗauke ta kwana biyu firizar ta narke, ƙwan ƙwarin ya tsira, aikin ya tashi a banza. In babu tsayayyar wuta, a kai wa masu ita.

Wurin ajiya: ba ƙasa ba, ba jikin bango ba, domin gara ta nan take hawa. A ɗora a kan kanta mai tsayin taƙi ɗaya aƙalla daga ƙasa, nesa da taga da inda rufi ke yoyo. Kada a bar takarda a leda dindindin, tana tara gumi. A ɗakin adana ana neman damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin ɗari, zafi kuma kusa da digiri 20. A nan ƙasar, cikin Agusta damshin yana wuce kashi 65, inda fumfuna ke fara tsiro, da hunturu kuma ya faɗi har takarda ta yi ƙarau tana karyewa. Wannan hawa da saukar ita ke gajiyar da takarda. Akwatin katako ko kwali mai kauri a ɗaki na tsakiyar gida yana rage ta sosai.

Yagewar kuwa ka bar ta yadda take, ka sa ganyen cikin farar takarda mai ninki. Masu gyara suna liƙewa da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, abin da za a iya cirewa gobe idan an so.

TAMBAYA: Yaya ake gane shekarun rubutu? Wani dillali ya ce mini littafin da ke hannuna ya kai shekara ɗari biyar. Daga wata malama a Azare.

AMSA: Malama, dillali da kuɗi a ransa yake magana. Fara da ganyen ƙarshe, inda mai kwafi ke rubuta sunansa, wani lokaci da na wanda ya yi wa aikin, da rana. Sau da yawa shekarar ba da lamba take ba, ramzi ne, wato haruffa masu ƙima. Malamanmu lissafin Magrib suke bi, inda harafin shin yake 1000, ba kamar na Gabas ba inda yake 300. Idan kika ga haruffan shin da ra da lam da ba, to 1000 ne da 200 da 30 da 2, wato 1232 bayan Hijira. Don mayarwa Miladiyya, ki ninka da 0.97 ki ƙara 622: zai ba ki 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu. Wanda ya yi lissafin da ƙimar Gabas zai kauce da shekara ɗari bakwai, kuma daga irin wannan kuskuren wasu "tsofaffin" littattafan ke samun shekarunsu.

Akwai tarko na biyu. Mai kwafi yakan kwashe ranar da mawallafi ya gama littafin yadda take, alhali shi ya kwafa ne bayan shekara tamanin. Saboda haka sai a tambayi takardar kanta. Ki ɗaga ganye ga hasken taga. A da yawa daga rubutun ƙasar nan za ki ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Takardar arewacin Italiya ce, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Masar da Tarabulus su ratso Sahara, kuma mafi yawan wadda ake samu a gidajenmu ta ƙarni na 19 ce zuwa farkon na 20. Takarda mai layi irin ta ofis kuwa ta zamanin Turawa ce ko bayansa, komai tsufan kalmomin da ke kanta. Littafi ba zai girmi takardar da aka rubuta shi a kai ba.

Kuma tsufa ba shi kaɗai ne daraja ba. Guntuwar wasiƙa daga fadar Gombe Abba, tsohon mazaunin sarakunan Gombe, ko takardar bashi, ko waƙar ajami da ta ambaci yaƙin Burmi na 1903, ta fi amfani ga mai binciken tarihi a kan kwafi na ɗari na littafin fiƙihu da ke kowace makarantar zaure.

TAMBAYA: Idan na kai kayan gidanmu jami'a, ba shi ke nan na rasa su ba? Daga wani dattijo a Bauchi.

AMSA: Baba, tsoron nan naka yana da tushe, kuma maganinsa rubutu ne. Hanya uku ce. Akwai kyauta, inda mallaka ke komawa ga jami'a. Akwai ajiya, inda kayan naku ne, suna riƙe muku amana. Akwai kuma a ɗauki hoto a mayar muku da asali. Duk wadda aka zaɓa, magada su amince tukuna, domin kayan gado ne. Takardar yarjejeniya ta faɗi yawan ɗauri da yawan ganyen kowanne, sunan da za a kira tarin da shi, wanda aka yarda ya karanta, ko za a sa a intanet, da yadda za ku karɓi abinku in kun so. Takardun asiri da na nasaba ko rikicin gona, kuna da ikon cewa a rufe su zuwa wani lokaci. Shugaban ɗakin karatu ne zai sa hannu da hatimi. Kada a miƙa wa ɗalibi ko malami shi kaɗai bisa "zan dawo da shi", ta wannan ƙofa takardu kan ɓata.

Kafin ka ba da, ka roƙa a nuna maka ɗakin. Dubi rufi, dubi ko akwatuna a ƙasa suke, ka ce a nuna maka rajistar kayan da wasu suka kawo. Ka fara tambaya a jami'ar da ke kusa, kamar ta Abubakar Tafawa Balewa. Wuraren da suka daɗe da wannan aiki su ne Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da sashen binciken tarihin Arewa na jami'ar a Zariya, da Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sayarwa ga baƙo fa akwai doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta lissafa rubutun hannu da makamai da kayan sarauta na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba da izini ba.

TAMBAYA: Hoton waya ya isa? Daga wani ɗalibi a Kashere.

AMSA: Ya isa don karatu, kuma ya fi babu nesa. Ka ɗauka a inuwa da rana, ban da filasha, wayar a saitin shafin daidai, gefuna huɗu duka su fito, da rula a gefe. Gaba da baya, har ganyen da babu rubutu, sunan hoton ya dace da lambar fensir. Ɗakin adana yana ɗauka da kyamara a kan maratayi, aƙalla ɗigo 300 a kowane inci, a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto. Ganye mai rauni ba a danne shi a injin fotokwafi. Ka ajiye kwafi uku a wuri daban-daban, kuma kada ka dogara da wanda aka turo ta WhatsApp, yana rage ingancin hoto har wasula su ɓace.

TAMBAYA: Muna da takobi da sulke da tsohuwar riga ta kakanmu. Takobin ya yi tsatsa, muna so mu goge shi ya yi ƙyalli. Daga wata Hajiya a Misau.

AMSA: Hajiya, a bar toka da tsamiya da yashi. Gugar tana tafiya da tambarin maƙeri da rubutun da ke jikin ruwan takobin, kuma su ne shaidar inda ya fito. A share shi da busasshen ƙyalle, a riƙe da safar hannu, domin gumin hannu gishiri ne. Kada a ja shi da ƙarfi idan ya maƙale a kube. Jan tsatsa mai zubar da gari yana kan ci, baƙin da ya kwanta lumui ya tsaya, ba ya buƙatar komai. A kan tagulla, koren gari mai haske da ke dawowa bayan an share alama ce ta ciwo mai ci, sai a ware abin a wuri busasshe a nemi masani. Kuben fata ba a shafa masa man shanu ko man gyaɗa, yana jawo ɓera da fumfuna.

Rigar kada a wanke ta, kada a rataye, nauyin aikin zaren yana yaga kafaɗa. A kwantar da ita a akwati mai faɗi, a cusa farin ƙyalle wankakke a kowane ninki don kada ya karye, a duba ta farkon damina da ƙarshenta saboda asu.

Sannan ki zauna da mafi tsufa a gidan, da takarda da fensir: wa ya sa sulken, a wace fita, daga hannun wa ya zo, wane sarki ya ba da rigar. Ki rubuta sunan mai ba da labarin da ranar, ki ɗaura lamba a jikin kowane abu da zaren auduga, ki sa lambar a kan takardar. Ita ce abin da ma'aikacin ɗakin adana zai fara nema kafin ma ya zare takobin.