Wuƙata ba ta riƙe kaifi: dutsen washi zan saya, ko sandar mahauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da abinci a gida, kullum cikin yankan albasa, tumatir, kabeji da nama nake. Na sayi 'yar na'urar nan ta wasa wuƙa mai tsaga biyu, wadda ake jan wuƙa a ciki. Ranar farko wuƙar tana ci, bayan kwana biyu ta koma kamar ba a taɓa wasa ta ba. Na aika wa mai injin washi, ta dawo bakinta ya yi shuɗi-shuɗi, kuma ta rage faɗi. Yanzu an ce in sayi sandar ƙarfe irin ta mahauta. Wanne ya fi, kuma yaya ake aiki da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sayi dutsen washi mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Sandar mahauta tana da amfani, amma bayan dutse take zuwa, don ba aiki ɗaya suke yi ba.

Wuƙa iri biyu take dakushewa. Bakinta siriri ne ƙwarai, ya fi gashi sirantaka, saboda haka da ya yi ta bugun katako sai ya ɗan kwanta gefe guda. Kaifin yana nan, karkacewa ya yi. Wannan shi sandar mahauta take gyarawa: tana miƙar da abin da ya lanƙwashe. Shi ya sa za ki ga mahauci yana goga wuƙarsa a sanda sau huɗu, sau biyar, ya ci gaba da aiki. Iri na biyu shi ne bakin ya cinye, ya yi dunƙule. A nan babu abin da za a miƙar, dole a ɗebe ƙarfe daga gefe biyu har su sake haɗuwa a layi ɗaya. Ki tsaya a hasken rana ki dubi bakin wuƙar kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Idan kin ga farin layi yana walƙiya, ko ɗigo-ɗigon haske, to ya cinye, ko kwana za ki yi da sanda ba za ta dawo da shi ba.

Na'urar da kika saya ba ƙarya ba ce, amma aikinta na gaggawa ne. A tsaga ta farko akwai ƙananan ƙarafa biyu masu tauri sosai da aka gicciya, su ne suke kankare bakin wuƙar a tsawonta. Ki duba ƙasan tsagar, za ki ga ɓurɓushin ƙarfe kamar zare. Bakin da suke bari yagagge ne, yana cin tumatir kamar zarto a ranar farko, sai haƙoran su kakkarye. Kuma buɗin tsagar ɗaya ne tak, ko ya dace da wuƙarki ko bai dace ba. Idan za ki ci gaba da ita, ki bar tsaga ta farko sai wuƙa ta mutu sarai, ki riƙa amfani da ta biyu mai fararen sanduna na tangaran, ja biyar zuwa shida daga gindi zuwa tsini, ba tare da dannawa ba.

Shuɗin da kika gani kuwa ƙuna ce. Ƙarfen wuƙa sai an gasa shi, an tsoma, an sake ɗumama shi a zafi kaɗan, wajen digiri 200, kafin ya sami taurin da zai riƙe kaifi. Injin washi busasshe yana juyawa da sauri, bakin wuƙa kuma ba shi da kaurin da zai sha zafin. Da ya fara launin ruwan zuma ya riga ya ɗauki zafi, da ya kai shuɗi ya doshi digiri 300, wurin ya yi laushi ke nan. Wuƙar ba ta lalace gaba ɗaya ba, amma sai an cinye wannan wuri da ya ƙone a dutse mai kaushi an kai ga lafiyayyen ƙarfe kafin ta sake riƙe kaifi. Injin ya dace da adda, gatari da fartanya. Idan dole sai an kai masa wuƙar girki, a ce ya riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowane gugi ɗaya ko biyu.

Wajen zaɓen dutse, lambar da ke jikin kwalinsa ita ce ma'aunin kaushi, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Daga 220 zuwa 400 na gyaran baki ne da ya guntule ko ya ƙone. Lamba 1000 ita ce ta washin yau da kullum. Daga 3000 zuwa 6000 na goge baki ne ya yi santsi. Ga mai aiki irin naki, dutse mai 400 a fuska ɗaya da 1000 a ɗayar ya isa, ya ma fi mai 1000 da 6000 amfani, don wuƙaƙen kanti marasa tsatsa ƙarfensu ba shi da taurin da zai amfana da gogewa mai yawa, kuma fatar tumatir ta fi jin baki mai ɗan haƙori. Baƙin dutsen nan mai ruwan toka da ake sayarwa wurin masu kayan gini shi ma yana aiki, ko da ba a rubuta lamba ba. Yana da kaushi, saboda haka sai an sassauta hannu a ƙarshe. Ki nemi mai tsawon kusan santimita 20 da faɗin 5 ko fiye. Ki ɗora bayan wuƙa a kansa ki duba ta ƙasa: idan haske yana ratsawa a tsakiya, bai miƙe ba, ki ajiye shi.

Dutse ba a aiki da shi a bushe, don garin ƙarfe yana toshe ƙofofinsa. Dutsen ruwa, wato wanda aka yi shi don aiki da ruwa, a jiƙa shi minti 5 zuwa 10, har kumfar da ke fita ta tsaya. Baƙin dutsen kasuwa yana karɓar ruwa da ɗan sabulu, ko mai marar kauri irin na keken ɗinki. Kada ki zuba masa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo su kashe dutsen. Kuma dutsen da ya taɓa shan mai ba ya sake karɓar ruwa, don haka a kicin mun fi son ruwa tun farko.

Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan tebur ki ɗora dutsen, tsawonsa ya miƙe daga wajenki zuwa gaba, don kada ya zame. Dutsen da ke motsi shi ne yake jawo yanka.

Yanzu ga abin da ya fi wa mutane wuya: tashin da za a ba wuƙa daga kan dutse. Wuƙaƙen girki na gama-gari suna son kusan digiri 20 a kowane gefe, siraran wuƙaƙen Japan masu tauri kusan 15. Ba sai kin nemi ma'auni ba. Ki kwantar da wuƙar a kan dutse, ki ɗaga bayanta da kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗinta. Wuƙa mai faɗin santimita 4 da rabi, bayanta zai tashi santimita 1 da rabi. Idan kin kwantar da ita fiye da kima, kumatun wuƙar za ki yi ta karcewa, bakin bai taɓa dutse ba. Idan kin tayar da ita da yawa, za ta yi kaifi da wuri amma bakin ya yi kauri, ta riƙa tsaga karas maimakon yanka shi. Ga dabarar da ke nuna gaskiya: ki shafa baƙar maka a bakin wuƙar gefe biyu, ki goga sau uku, ki duba. Idan tawadar ta goge har can ƙarshen baki, kin dace. Idan ta goge a sama ta bar baƙin layi a ƙarshe, ki ƙara ɗagawa kaɗan. Ko 18 kika kama ko 22 ba shi ne damuwa ba. Abin da ake nema shi ne hannu ya tsaya a wuri ɗaya daga farko har ƙarshe, don hannun da ke lilo baki mai dunƙule yake fitarwa.

Hannun dama ya riƙe ƙota, ki ƙanƙame wuyan hannun kada ya motsa, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu. Yatsu biyu ko uku na hagu su danna jikin wuƙar daidai wurin da ake wasawa, kusa da baki amma ba a kansa ba. Ki fara da fuska mai kaushi. Ki tura gaba ki dawo, kina cin tsawon dutsen duka, kina matsawa daga gindin wuƙar zuwa tsini. Da kin iso inda ta lanƙwasa wajen tsini, ki ɗan ɗaga ƙotar, in ba haka ba tsinin ba zai samu ba. Dannawar kada ta wuce nauyin kilo 2, kina iya gwada hannunki a sikelin kicin ki ji yadda yake. Baƙin ruwan da ke taruwa a kan dutsen ruwa kada ki wanke shi, yana taya cin ƙarfe, ki dai riƙa yayyafa ruwa.

Kada ki juya wuƙar don kin ƙirga gugi ashirin. Ki juya ta idan leɓe ya fito. Idan gefen da kike wasawa ya cinye har ya kai ƙarshen baki, wani siririn ƙarfe yana lanƙwashewa ya leƙa ɗaya gefen. Ido ba ya cika ganinsa, amma yatsa yana jinsa. Ki shafa babban yatsa a gefen da bai taɓa dutse ba, daga bayan wuƙar zuwa baki ki wuce, za ki ji yana ɗan kama fata kamar ƙaiƙayi. Kada ki taɓa bin tsawon bakin da yatsa. Sai kin ji leɓen nan tun daga gindi har tsini, babu inda ya tsallake, sannan ki juya ki yi wa ɗaya gefen daidai haka har leɓen ya koma gefen farko. Yawancin masu cewa sun wasa wuƙa ba ta yi kaifi ba, a nan suka tsaya da wuri. Wuƙarki da ta ƙone za ta iya cin minti 15 ko fiye a karon farko, daga baya minti 5 ya isa.

Sai ki juya dutsen zuwa fuska mai laushi. Ki maimaita, amma da rabin ƙarfin farko, sannan ki koma gugi ɗaya nan ɗaya can, kina rage nauyi har ya zama nauyin wuƙar kaɗai. Aikin yanzu shi ne cire leɓen nan, don idan aka bar shi wuƙa za ta yi kamar ta yi kaifi, da ta taɓa katako ya kwanta ta mutu. Ki ƙarasa yadda wanzami yake yi wa askarsa: ki sami tsohon bel na fata, ki shimfiɗa, ki ja wuƙar da baya, bayanta a gaba bakin yana biye, sau goma kowane gefe. In babu fata, kwali ko jarida a kan tebur suna yi. Ki wanke wuƙar da sabulu kafin ta taɓa abinci.

Gwaji shi ne nunannen tumatir. Idan bakin ya kama fatarsa ya shiga ba tare da kin danna ba, aiki ya yi. Takarda kuma tana nuna inda aka tsallake, don a nan za ta sarƙe. Ki yi hattara a kwanakin farko idan kin saba yankan kuɓewa ko alayyafo a hannu, wuƙar tana tsayawa a kan babban yatsa. Hannun da ya saba da dakusasshiyar wuƙa yana danna ta da ƙarfi. Ki koma kan katako har hannun ya saba.

A nan ne sandar mahauta take shigowa. Ki kafa tsininta a kan katako tana tsaye, ki ɗora gindin wuƙar a sama da irin tashin da kika ba ta a dutse, ki sauko da ita a hankali kina ja zuwa tsini, sau biyar kowane gefe. Saurin mahauta da ƙarar da suke yi ba su ne aikin ba. Da yin haka kowace safiya, mai aiki irin naki za ta iya yin mako biyu zuwa huɗu kafin ta koma dutse. In babu sanda, gindin kofin tangaran, zoben nan marar sheƙi, yana rufa asiri. Goga wuƙa a dakalin siminti ko a bakin wata wuƙar kuwa kaifin minti goma ne, ɓarnar ta fi shi yawa.

Shi ma dutsen yana cinyewa, ya yi kwari a tsakiya, kuma dutse mai kwari ba ya barin hannu ya tsaya daidai. Ki zana layuka da fensir a fuskarsa, ki shimfiɗa jiƙaƙƙiyar samfefa mai kaushi a kan gilashi ko tayil, ki goga har layukan su ɓace duka. Bayan aiki a ɗauraye shi a bar shi ya bushe a inuwa.

Idan kin yi duk wannan wuƙar tana mutuwa cikin kwana biyu, ki dubi inda take sauka. Faranti, tiren ƙarfe, tayil da gilashi suna kashe baki a yanka ɗaya. Katako ko allon roba ake so. Ƙashi da daskararren kifi a ware musu wuƙa mai kauri. Kwashe albasa daga kan katako da bayan wuƙa ake yi, kuma kada a jefa ta cikin kwandon cokula. Wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe tana saurin ɗaukar kaifi fiye da farar ta kanti, amma lemon tsami da tumatir suna cin bakinta da tsatsa, don haka a wanke, a goge, a shafa ɗan mai. Wuƙar burodi mai haƙora kuma kada ki sa ta a dutse ko a na'urar ja, haƙoran za su tafi.

Tunda kina aikin nama, wuƙar yanka da ta fiɗa ki ware su daban, a wasa su tun daren Sallah, ba a gaban dabba ba. Wuƙar yanka tana son a ƙarasa ta a fuska mai laushi da fata sosai, a bi bakinta a haske a tabbatar babu guntulewa ko ɗaya, don ƙaramin gibi shi ne yake sarƙewa a gashi ya sa a maimaita ja.