Kwamfutar da ke mutuwa idan aiki ya yi nauyi

Tambaya: Malam, da kaina na haɗa kwamfutata: furosesa (ƙwaƙwalwar injin) Ryzen 5 5600, RAM 16, katin hoto RTX 3060. Intanet da kallon bidiyo lafiya lau. Amma da na fara fitar da bidiyon biki, sai ta mutu ɗif, ta sake tashi. Babu shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta samu matsala, babu saƙo. Sau biyu na yi mata fomat. Akwatin wutar 500W ne, marar suna. Ko cuta ce ta shige ta?
Mai haɗa bidiyon biki, Zango

Amsa: Ƙanena, fomat har sau biyu! Ko goma ka yi, haka za ta ci gaba. Cutar kwamfuta ba ta jiran sai katin hoto ya ɗau aiki sannan ta kashe inji. Amsarka tana cikin kalmar da ka rubuta da kanka: marar suna.

Wannan abu yana ci mini rai. Mutum zai zuba jikkuna a katin hoto, ya sayi fankoki masu fitilu kala-kala, in an zo akwatin wuta, wanda masu gyara ke ce wa alimantasiyo, sai ya ce a ba shi mafi araha. Kamar ka sayi ingarman doki ne ka ce ƙaiƙayi zai ci.

Buɗe gefen injin ka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin. Manta da 500W ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, nemi layin +12V, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Ninka amfiyan da ke wurin sau 12. In ka ga 20A, wat 240 ke nan kacal. Katinka shi kaɗai yana jan 170, furosesa ya haura 70 in aiki ya kankama, ga uwar allo da kome ke haɗe a kanta, ga faifai, ga fankokin. Nvidia, mai ƙera katin, da kanta 550W ta ce a sa wa wannan kati, kuma na gaskiya take nufi. Sannan ga zafinmu. Akwatin wuta yana rage ƙarfi in ya ɗau zafi, a Damagaram kuwa Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 tun kafin ka kunna komai. In ya gaza, shi ne yake yanke wutar don kare kansa. Wannan ma in ka yi sa'a yana da kariyar. Marar ita yakan ƙone ya tafi da uwar allo.

In kana son tabbaci, sauke manhajar gwaji ta OCCT ka sa gwajin Power, wanda ke matsa wa furosesa da kati lokaci guda. A littafin rahoton Windows za ka ga Kernel-Power 41, amma kada ka ɓata lokaci a kansa: cewa kawai yake injin ya mutu ba shiri, ba ya faɗin dalili. Ari akwati mai kyau wurin abokin sana'a ka gwada, in ta daina mutuwa, sayi 650W na Seasonic ko Corsair. Tambarin 80 Plus na shaidar tattalin wuta kaɗai kada ya ruɗe ka, ƴan jabu ma suna manna shi.

Tambaya: Injin gidan wasana da safe lafiya, bayan azahar fanka ta yi ta ihu, wasa ya riƙa tsinkewa, daga nan ya mutu.
Mai gidan wasan ƙwallo, Birni

Amsa: Alhaji, yaushe rabon da ka buɗe shi? Na tabbata ƙurar hunturun bara tana nan ta yi bargo a kan ƙarfen sanyaya. Duba zafi da manhajar HWiNFO: furosesar Ryzen na rage gudu a wajen digiri 95, ta Intel a 100. Busa ƙurar, ka riƙe fanka da yatsa kada ta juya, ka sake man sanyaya da ke kan furosesa. Duba ko ka cire ledar da ke ƙasan ƙarfen, da yawa suna mantawa. Ɗaga injin daga ƙasa, kuma a lokacin hazo a busa shi kowane wata. Wannan ba na sassauci a kansa.

Tambaya: Shuɗin allo nake gani, kullum da saƙo dabam, tun da na ƙara RAM.
Ɗalibar jami'a

Amsa: Ƙanwata, ai kin kama ɓarawon da kanki. Kashe XMP (saitin ƙara wa RAM gudu) a BIOS, wato shafin saitin uwar allo, ki sa sandunan RAM a rami na biyu da na huɗu, ki bar MemTest86 mai gwada RAM ya kwana yana aiki. Kuskure ko ɗaya ne, gwada su ɗai-ɗai ki mayar da mai laifin.

Tambaya: UPS ɗina (batirin riƙe wuta) 650VA yana kuka in na fara wasa, ko da akwai wuta.
Wani daga Sabon Gari

Amsa: Ya yi maka kaɗan, ɗan'uwa. 650VA bai kai wat 400 ba. Nemi 1500VA, kuma ka cire firinta da fankar ɗaki daga jikinsa.