Amsa ga mai tambaya kan ƙungiyar ƙwadagon 'yan sandan gunduma a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi jami'an tsaron gunduma a Amurka suka samu ƙungiyar ƙwadago, da kuma ko suna yajin aiki, tunda a Najeriya doka ta hana 'yan sanda shiga irinta. Bari in ɗauki gundumar Los Anjelis da ke jihar Kalifoniya, don a nan abin ya fi fitowa fili.

Yajin aiki dai ba shi ne makaminsu ba. An gwada shi a birnin Boston a watan Satumba na 1919, 'yan sanda sama da 1,100 suka ajiye aiki, gari ya rikice da sace-sace. Gwamna Calvin Coolidge ya turo dakarun jiha, aka sallami masu yajin, ba a mayar da su ba. Daga nan aka shafe shekaru da dama ƙungiyoyin 'yan sanda ba su wuce na taimakon juna ba: kuɗin jana'iza, tallafin matan mamata, asusun rashin lafiya. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ma ba ta haɗa da ma'aikatan gwamnati ba, sai kowace jiha ta yi tata.

Kalifoniya ta yi tata a 1968, dokar Meyers-Milias-Brown, wadda Gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu. Ta tilasta wa birane da gundumomi su zauna da wakilan ma'aikata a kan albashi, sa'o'in aiki da sharuɗɗansa. A 1970 aka kafa ALADS, ƙungiyar mataimakan sherif (wato shugaban 'yan sandan gunduma) na Los Anjelis, wadda har masu binciken ofishin babban mai gabatar da ƙara take wakilta. Sajan da laftanan kuwa suna wata ƙungiyar, PPOA. Rabuwar tana da dalili: wanda ke rubuta maka takardar tuhuma bai kamata ku haɗa lauya ba.

Ga yadda ake yi. Gunduma ta amince da ƙungiya a matsayin wakiliyar wani rukunin ma'aikata, sai a zauna a tsara yarjejeniya ta 'yan shekaru. Sherif zaɓaɓɓe ne, amma ba shi ke riƙe da lalita ba, majalisar gunduma mai mutum biyar ce ke amincewa da kuɗin. In an cije, a kira mai shiga tsakani, in ya gaza a kafa kwamitin bin diddigi, daga ƙarshe hukuma na iya zartar da tayinta na ƙarshe. Kotunan jihar sun haramta wa 'yan sanda yaji, har da dabarar nan ta kowa ya kira ya ce ba shi da lafiya rana guda. Shi ya sa ƙarfin ya koma wajen zaɓe, inda ƙungiya ke mara wa ɗan takara baya da kuɗi.

Inda aka fi samun taƙaddama shi ne ladabtarwa. Dokar jihar ta kare haƙƙin jami'ai ta 1976 ta ce dole a sanar da jami'i abin da ake bincikensa a kai, kada masu yi masa tambaya su wuce biyu a lokaci guda, yana da damar zuwa da wakili da naɗar muryar zaman, kuma ba a tilasta masa na'urar gano ƙarya. Daga baya aka ƙara wa'adin shekara ɗaya na kammala bincike. Kariyar tana da amfani ga ƙaramin jami'in da oga ya sa wa ido, amma wa'adin nan ya sha kuɓutar da mai laifi saboda fayil ya kwana a tebur.

A ganina ALADS ta yi kuskure lokacin da Sherif Jim McDonnell ya nemi miƙa wa masu gabatar da ƙara sunayen jami'ai kusan 300 da ke da tabo a fayilinsu, irin su ƙarya, ta garzaya kotu ta hana. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin sanin ko mai ba da shaida a kansa abin yarda ne. A watan Agustan 2019 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa sherif na iya sanar da masu gabatar da ƙara idan irin wannan jami'in zai tsaya shaida a wata shari'a.