Amsar tambayarka kan shafa wa mara lafiya mai

Ɗana, saƙonka ya iso mu nan Tawa, duk muna lafiya. Ka ce tunda aka sa ka cikin dattawan ikilisiyarku a Yamai ake kiranku wurin marasa lafiya, kana son sanin ko shafa man nan Turawan mishan ne suka ƙirƙiro, da kuma yadda ake yin sa.

Ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Tushensa Yakubu 5:14-16 ne a Littafi Mai Tsarki, inda aka ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai, Markus 6:13 ma ya nuna manzannin Yesu sha biyun sun yi haka. Ka lura da mai kiran: mara lafiyan ne, ko iyalinsa in ya kasa magana. Ba ku za ku riƙa bin gidaje da kwalba ba. Ku je ku biyu ko uku. In mace ce, ku tafi da dattijuwa daga zumuntar mata, mijinta ko 'yar'uwarta na zaune. Ku rage jama'a. Manzo Bitrus da kansa, da ya isa wurin gawar Tabita a Yafa, sai da ya fitar da kowa kafin ya durƙusa. Ɗakin kwano a watan Afrilu, mutum ashirin na ɗaga murya a kan mai zazzaɓi, wahala aka ƙara masa.

Ku fara tambayarsa abin da yake so a roƙa masa. Wani ba ciwon ne ya fi damunsa ba, ɗan'uwansa ne da ba sa ga maciji da juna, shi ya sa aya ta 16 ta haɗa furta laifi da warkarwa. Abin da ya faɗa a ɗakin nan kada ya fita, ko matarka kada ta ji. Sai a karanta ayoyin, ɗayanku ya ɗiga mai kaɗan a babban yatsa ya shafa masa a goshi da sunan Ubangiji, sauran su ɗora hannu a kafaɗarsa, kowa ya yi gajeriyar addu'a. Kwatan awa ɗaya ya isa. Man zaitun manzanni suka yi amfani da shi don shi ne man gida a ƙasarsu. Mu man gyaɗa na kasuwa ya wadatar.

Inda abin ke lalacewa shi ne a mai da man kamar laya: a sha, a ɓoye ragowar ƙarƙashin matashin kai, ko a zuba a 'yan kwalabe ana sayarwa. Ka tuna tsawar da Bitrus ya yi wa Siman mai sihiri a Samariya da ya miƙo kuɗi don ya sayi baiwar Allah. Ko dala kada ku karɓa.

Mafi haɗari kuwa, a ce wa mutum ya bar magani don nuna bangaskiya. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daina shan ƙwayoyinsa, zai iya jin daɗin jikinsa 'yan kwanaki sannan ya faɗi. Sarki Hezekiya ya yi kuka gaban Allah, aka ƙara masa shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa aka manna masa curin ɓaure a kan marurun. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ma masu addu'a ne suka gina shi. Saboda haka kafin ku tashi, ku tambaya ko ya ga likita, ku duba ko akwai kuɗin takardar maganin. In babu, aikin baitulmalin ikilisiya ne.

In bai warke ba fa? Kada bakinka ya furta cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, ya kuma bar abokin tafiyarsa Tarofimas da ciwo a Militas. Ku dai ku koma. Annabi Iliya, da yake jiran ruwan sama a kan Dutsen Karmel, sau bakwai ya aiki baransa duban teku kafin ɗan gajimare ya bayyana. Ziyara ta biyu ba sai da mai ba, ku riƙe kunu ko 'yan lemu.

Ka gaida mai ɗakinka da jikokina. Kawunka.