Inglis, ƙauyen da jirgin ƙasa ya kafa ya kuma tafi ya bari

Kawu, bayan gaisuwa da fatan an yi kaka lafiya. Ka ce ka ga hotunan ƙauyukan manoma na nan yammacin Kanada, gonaki iya ganinka, amma titi wayam, ba yara ba awaki, har kana tambaya ko annoba aka yi. Ba annoba ba ce. Tun asali ba a gina ƙauyen nan don manoma su zauna a cikinsa ba, wurin kai hatsi ne. Bari mu ɗauki Inglis, ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyu ba, a jihar Manitoba, tafiyar kusan awa huɗu a mota daga birnin Winnipeg.

A wajenmu mutane kan taru su kafa gari, sannan kowa ya fita gona da safe ya dawo da yamma. A nan gwamnati ce ta fara auna ƙasar da igiya kafin manoma su zo. An yanka ta murabba'i-murabba'i, mil shida tsawo mil shida faɗi, kowane murabba'i aka raba shi kashi 36, kowane kashi eka 640, sannan aka sake raba kashin huɗu. Dokar filaye ta 1872 ta ce duk magidancin da ya biya dala 10 za a ba shi rubu'i ɗaya, wato eka 160, kusan hekta 65, da sharaɗin ya gina ɗaki a kai, ya zauna, ya noma wani sashe, bayan shekara uku ya karɓi takarda. Sharaɗin zama a kan filin shi ya warwatsa mutane: kowa gidansa a tsakiyar gonarsa, maƙwabcinsa na kusa yana rabin mil ko fiye. Kashi na 11 da na 29 an ware su don kuɗin makaranta, an ba kamfanonin jirgin ƙasa wasu masu yawa. Kada kuma a ce maka daji ne da ba mai shi. Ƙasar ƴan asali ce da ake kira Kiri da Ojibwe, da kuma Metis, jikokin auratayyar Turawa da ƴan asalin. An karɓe ta da yarjejeniyoyi a shekarun 1870, daidai lokacin da ɓaunar da suke rayuwa a kanta ta ƙare, aka tsugunar da Kiri da Ojibwe a keɓaɓɓun filaye.

To manomi ya noma alkama, ina zai kai ta? Keken doki ne abin hawa, kuma dole ya je ya dawo kafin dare. Saboda haka kamfanin jirgi ya riƙa kafa tasha kowane mil takwas zuwa goma, inda tasha ta sauka nan gari yake tsirowa. Kusa da Inglis akwai wani gari da ya riga shi, Asessippi, da aka kafa a farkon shekarun 1880 a bakin kogi, har da injin niƙa da na yankan katako. Layin dogo ya bi wani wuri, garin ya zama kufai. Inglis kuwa a 1922 dogo ya iso, a shekarar aka kafa shi. Mutanen kewayen akwai jikokin Turawan Birtaniya, akwai na Yukiren da Romaniya. Wanda ya san yadda jirgi ya ɗaga Kaura Namoda da Nguru a zamanin gyaɗa ba zai yi mamaki ba.

Dogayen gine-ginen katakon da ka gani a jere su ne dalar gyaɗarsu, sai dai su rumbuna ne masu inji. A Inglis guda biyar ne, an gina su tsakanin 1922 da 1941. Ba ginshiƙi ake kafawa a rufe da katako ba: falanki ake kwantarwa ɗaya bisa ɗaya a buga ƙusa har sama, don bango ya jure turin hatsi. Manomi zai shigo da keke ya tsaya a kan sikeli, a auna, ya buɗe baya hatsin ya zube cikin rami, a sake auna keken ba kaya. Wani bel mai jerin kofuna ya kwashe daga ramin ya hau da shi ƙololuwa, mai rumbu ya juya bututu zuwa ɗakin da ya dace da darajar hatsin. Daga can nauyinsa ne ke gangaro da shi cikin taragon jirgi. Rigima kullum a wuri biyu take: darajar da mai rumbu ya ba hatsin, da abin da ya zabtare da sunan ƙaiƙayi da ƴaƴan ciyawa. Wannan ƙorafi ne ya sa manoma suka kafa kamfanoninsu na haɗin gwiwa. Babban makashin rumbun wuta ce, domin ƙurar hatsi da busasshen katako tartsatsi ɗaya suke jira.

A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun haura dubu biyar a jihohi uku na yankin nan, Manitoba da Saskatchewan da Alberta. Yanzu sai ɗaiɗai. Tarakta ta maye gurbin doki, mutum ɗaya ya iya noman da iyali goma suke yi, sai mai ƙarfi ya saye gonar maƙwabci, yaran suka tafi birni. Matsakaiciyar gona a Manitoba yau ta wuce eka dubu. A 1995 gwamnati ta janye tallafin dakon hatsi a jirgi, wanda asalinsa tun 1897, a shekarar kuma aka rufe layin Inglis. Yanzu tirela ce ke kai hatsi manyan rumbunan kankare da ke kan babban layi. Mutanen Inglis suka hana a rushe nasu, a 1996 aka sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa. Noma bai ragu ba, Kawu, ƙaruwa ma ya yi. Hannuwan ne suka ragu.

Noman kansa tsere ne da sanyi. Kwanakin da raɓa ba ta daskarewa ba su wuce ɗari da ƴan kai ba. Ana shuka a watan Mayu, a girbe daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan shekara, har da dusar ƙanƙara, wajen milimita 500 ne, ya fi kusa da na Maraɗi a kan na Kano, amma rana ba ta shanye shi kamar a can. Farin da aka yi a shekarun 1930, lokacin da iska ta kwashe ƙasar gonaki, ya koya musu barin kututturen kara a tsaye, ya riƙe ƙasa ya kuma tare ƙanƙarar da za ta narke ta zama laima. Da yawansu ba sa huɗa, inji ɗaya ke tsaga ƙasa ya saka iri da taki lokaci guda. Kanola, wata ƙwaya mai kama da riɗi da ake matse mai daga gare ta, wadda masanan nan suka inganta a shekarun 1970, ana shuka kimanin kilo biyu da ɗan ɗori a eka, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba. In ta nutse fiye da haka tsiron yakan fito da rauni, ƙwari su cinye shi. Ba a maimaita ta a fili ɗaya shekara bayan shekara, sai a sa alkama ko sha'ir ko wake a tsakani, domin cutar saiwa tana zama a ƙasa shekaru. Alkama a shekara mai kyau takan ba da kamar buhu 14 zuwa 16 mai kilo ɗari a eka.

Asara ba a gona kaɗai take ba. Alkama sai laimarta ta sauka zuwa kashi 14.5 cikin ɗari ake cewa ta bushe. Kanola a kashi 10 ake saye, amma mai son ajiya mai tsawo 8 yake nema. In an zuba ta da ɗumi ko ɗanye, tsakiyar rumbun ƙarfen yakan ɗau zafi da kansa, ta yi fumfuna ta dunƙule, shi ya sa ake kunna fanka daga ƙasa ana duba ma'aunin zafi. Ruwan ƙanƙara na minti goma a watan Yuli kuma yakan kwantar da gona gaba ɗaya, don haka kusan kowa yana da inshorar amfanin gona.

Da hunturu sanyi yakan kai digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifiri. Bututun ruwa sai an binne shi fiye da mita biyu, mota kuma ana jona mata waya ta kwana tana ɗumama inji. Lokacin ne ake ganin mutane, a filin wasan ƙanƙara da zauren gari. Ƴan kwana-kwana na sa-kai ne, manoman ne da kansu. Da kaka ana yin walimar gari, mata su dafa talotalo da dankali, kuɗin shiga ya tafi gyaran zaure ko coci. Suna da gayya ma: manomi ya kwanta ciwo ko ya rasu da amfani a gona, maƙwabta su kawo injunansu su girbe a yini ɗaya. Amma ba a faɗo wa mutum gida ba sanarwa, ba a kuma tambayarsa eka nawa gare shi, kamar ka tambayi Bafillace yawan shanunsa ne.

Ƴan'uwanmu galibi a birane suke, Winnipeg da Brandon, inda masallatai da naman halal suke. Wanda aiki ya kai ƙauye irin wannan Juma'a tafiyar awanni ce gare shi, kuma in azumi ya faɗo a watan Yuni rana kaɗai takan yi sama da awa 16 a sama. Batun sayen gona da ka ɗan taɓa: a Manitoba wanda ba ɗan ƙasa ba, ba kuma mai izinin zama na dindindin ba, ba zai mallaki fiye da eka 40 ba sai da izini na musamman. Ko da takardar ta samu, injin girbi sabo guda ɗaya ya fi gida a birni tsada. A gaida su Inna da yara.