Tambaya da Amsa: Karen Alapaha, mai shuɗin ido da taurin kai

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan kare ɗaya ne, wato buldog ɗin Alapaha na kudancin ƙasar Amurka, sai na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ina zaune a jihar Jojiya ne, ina da ɗan fili a bayan gari da shanu kaɗan, aladun daji sun dame ni wallahi kullum sai sun tone min shuka cikin dare. Wani maƙwabcina ya nuna min kwiyakwiyin Alapaha, akwai wani fari mai dabbare-dabbare idonsa shuɗi kamar gilashi, tun da na gan shi hankalina ya tafi kansa. Don Allah meye asalin karen nan kuma zai yi min aikin?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kai fa a garin karen kake zaune, domin sunan nasa ma daga kogin Alapaha ne da ke kudancin Jojiya ɗin. Asalinsa tsofaffin buldog ne na aiki da Turawan Ingila suka tsallako da su, a can Ingila da su ake wasan haɗa kare da bijimi har aka haramta wasan a 1835, daga nan ne masu kiwo a can suka yi ta gajarta wa buldog hanci da ƙafa har ya koma wanda muke gani yau yana numfashi da ƙyar. Amma a gonakin kudancin ƙasar Amurka manoma ba su da lokacin ado, kare ake so da zai kamo saniyar da ta ƙi shiga garke, ya riƙe alade, ya kwana a ƙofa yana gadi, shi ya sa nasu ya tsaya da tsawon ƙafa da numfashi mai kyau.

Wadda ta fito da sunan Alapaha duniya ta sani ita ce Lana Lou Lane, 'yar garin Rebecca a Jojiya, kuma ta ce layin karnukan daga kakanta Buck Lane ya taso, wanda duk karen da ya ajiye Otto yake kiransa, shi ya sa har yau wasu ke ce wa jinsin Otto kawai. Kalmar shuɗin jini da ke cikin cikakken sunansa, wato Alapaha Blue Blood Bulldog, kuma ba launi ake nufi ba, nufinsu ɗan dangi ne, mai asali. Babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka wato AKC ba ta da shi a jerin jinsunan da ta amince da su, ƙananan ƙungiyoyi ne ke yi musu rajista kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba akan yanda ya kamata karen ya kasance, don haka takardar rajista ita kaɗai kar ta ruɗe ka.

Namiji yakan kai kilo 32 zuwa 41, macen ta ɗan fi ƙanƙanta, ƙirji mai faɗi, kai kamar turmi, gashi gajere. Aikin gadi zai yi maka shi ba sai ka koya masa ba, a jininsa yake. Amma batun alade ka bi a hankali. Aladen daji yana da haure da zai iya farke cikin kare nan take, mafarautan da ke wannan aiki sai sun sa wa karnukansu rigar kariya mai kauri da abin wuya, kuma ba kare ɗaya suke sakewa ba. Kar ka saki ɗan kwikwiyo cikin dare kana cewa ai jinsinsa ne, za ka rasa shi.

To yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna a saƙonka, wato shuɗin idon nan. Na fahimce ka, kyakkyawa ne ba ƙarya, amma ƙwayar halittar da ke kawo wannan dabbare-dabbaren, wadda ake kira maral, ita ce dai ke rage launi a fata da ido har cikin kunne, kuma cikin kunnen kare yana buƙatar ƙwayoyin launin nan kafin ya iya ji. Idan uba maral ne uwa ma maral ce, kowane ɗa yana da kaso 25 cikin 100 na ɗaukar ƙwayar biyu, irin waɗannan su ne kan fito fari fat, da yawansu kurame, wasu da ƙananan idanu ko makanta. Don haka kafin ka miƙa ko dala ɗaya ka ce a nuna maka uwar da uban, da idonka ba a hoto ba. In dukansu biyun masu dabbare ne ka yi sallama ka juya. Sannan ka nemi sakamakon gwajin ji na BAER, da hoton ƙashin kwatangwalon iyayen, hukumar OFA mai duba irin waɗannan hotuna a Amurka sai kare ya cika shekara 2 take ba da cikakken sakamako. Mai kiwon kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, daɗi ma zai ji. Kuma ka tambaye shi dangantakar uwar da uban, saboda jinsin ba shi da yawa, daga karnuka ƙalilan aka farfaɗo da shi, haɗa 'yan gida ɗaya ya yi yawa, kuma ta nan cututtukan gado ke taruwa.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Ni a Atlanta nake a gidan haya hawa na uku, da yara biyu ƙanana, mijina direban babbar mota ne sai ya yi sati baya nan. Ya ce mu sayi Alapaha saboda tsaro. Ni dai tsoro nake ji, yana cizon yara?

AMSA: 'Yar'uwa tsoron naki yana kan hanya, amma ba ta inda kike zato ba. Karen nan da mutanen gidansa yana da ƙauna sosai, yakan liƙe wa yara yana binsu ɗaki ɗaki. Matsalar ita ce baƙo. Yaron maƙwabta ya shigo suna kokawar wasa da ɗanki, ɗanki ya yi ihu, shi karen bai san wasa bane, kuma kilo 40 ne. Ga shi yana son motsa jiki kamar awa guda kullum, yana son fili mai shinge, in aka kulle shi a hawa na uku ba aikin yi sai ya fara cin kujera da ƙofa yana haushi duk wanda ya gifta a baranda, ga shi da yawa cikinsu basa jituwa da wasu karnuka musamman namiji da namiji. Ki duba takardar hayarku ma, gidajen haya da yawa a Amurka sun hana irin waɗannan karnuka masu kama da buldog. Gaskiya ban baki shawara ba. Wanda zai yi tarbiyyar karen shi ne wanda ke gida kullum, ke kenan, kuma ke ba ki so, to ki faɗa wa maigida haka a fili.

TAMBAYA: Kwikwiyona watansa 3, in na kira shi baya juyowa, in yana barci ko kwano ya faɗi baya motsi amma in na taɓa shi sai ya zabura. Abokina ya ce taurin kai ne in riƙa dukansa.

AMSA: Don girman Allah kar ka dake shi. Taurin kai baya hana kare firgita da ƙarar kwano, abin da ka faɗa alamar kurumta ce sak. Ka gwada, ka tsaya bayansa inda ba zai gan ka ba ka girgiza makullai, kar ka buga ƙafa a ƙasa don yana jin girgizar ƙasa a jikinsa sai ka ɗauka ya ji. In kunnensa bai ko motsa ba ka kai shi gwajin BAER, 'yan mintoci ne, ana sa ƙananan wayoyi a ƙarƙashin fatar kai a ga ko ƙwaƙwalwa na karɓar sauti, kowane kunne daban, don akwai mai kurumtar kunne ɗaya wanda a gida ba za ka taɓa ganewa ba. In haka aka haife shi ba magani, amma rayuwa ba ta ƙare ba, kurman kare yana koyon ishara da hannu da sauri abin mamaki saboda idonsa kullum na kanka. Tafin hannu sama zauna, ɗan yatsa ƙasa kwanta, ka bashi ɗan nama duk sanda ya yi daidai. In za ka tashe shi ka kai hannunka kusa da hancinsa ya ji ƙanshinka tukun, ka koya wa kowa a gidan haka. Kar ka sake shi ba igiya kusa da titi har abada, kuma kar ka haɗa shi da karya ya haihu. Sannan yanzu ne lokacin da ya kamata ya saba da mutane, bayan wata 3 zuwa 4 ƙofar ta fara rufewa, ka riƙa fita da shi ya ga tsoho da yaro da mai hula da mai keke, bayan ka yi magana da likita akan allurarsa.

TAMBAYA: Tawa kullum idonta na hawaye tana ƙanƙance shi tana gogawa da ƙafa, na sa mata maganin ɗigawa bai yi ba.

AMSA: Hajiya ki ɗaga fuskarta a wurin haske ki duba fatar idon ta ƙasa, in kin ga ta naɗe ciki gashin yana shafar ƙwayar idon to matsalar kenan, kuma ya zama ruwan dare a jinsin nan. Kamar a ce yashi ne a idonki dare da rana. Maganin ɗigawa ba zai warware naɗin ba, wani ma in akwai miki a idon ƙara lalata shi yake, don haka ki daina sawa sai likita ya gani. Ƙaramar tiyata ake yi a gyara fatar, in kuma kwikwiyo ce ana yi mata ɗinkin wucin gadi a ɗage fatar har kanta ya gama girma. Ki kai ta cikin satin nan, kafin nan ki sa mata abin wuyan roba ɗin nan mai kamar mazurari don ta daina kai ƙafa wurin.