Ki yi kurakuranki yanzu, tun ana kiranki mai koyo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce wata ƙungiya ta ɗauke ki horon sanin makamar aiki na wata uku a Kigali, babban birnin Ruwanda, kafin ta tura ki aikin sa-kai, kuma shawara ta yi miki yawa: wasu na cewa ki kama kanki, daga masauki sai ofis, wasu na cewa ki gwada duk abin da kika tarar. Ni ma Ruwanda aka kai ni, bari in ba ki labarin yadda muka ƙare.

Makon farko shawarar kama kai na bi. Ana tashi daga aiki sai in shige ɗaki in dafa Indomie, in kira gida. Wata dattijuwa da ke kula da mu ce ta kira ni gefe, ta tambaye ni ko zan iya kai kaina tashar Nyabugogo ba ɗan rakiya. Na ce a'a. Ta ce to wadda ba ta san hanyar tasha ba, yaya za a yi a tura ta ƙauye? Washegari na hau acaɓa. Su moto suke ce masa, mutum ɗaya ake ɗauka, kuma hular kwano dole ce ga direba da fasinja, don haka ki nemi ƙaramin hijabi mai kama kai wanda hular za ta zauna a kansa. Garin duk hawa da gangara ne, yana bisa tudun da ya kai mita 1,500. Ni da na taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Katsina, kwana uku ina haki kamar wadda aka biyo.

Abinci bai ba ni wahalar da na zata ba. Wake, shinkafa, dankalin Turawa, da ɗanyar ayaba da suke dafawa kamar doya. Akwai isombe, miyar dakakken ganyen rogo, ki ci ba fargaba. Madara kuwa har shaguna gare ta, mutum ya shiga ya zauna ya sha kofi guda ya tashi, kuma ikivuguto ɗinsu ɗan'uwan kindirmo ne. Yajinsu na ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba, Akabanga, ɗigo biyu ya ishe ki, kada ki yi masa zubin yajin ƙuli. Sunaye uku za ki haddace don ki kauce musu: akabenz naman alade ne, urwagwa giyar ayaba ce, ikigage kuma burkutun dawa ne, a ido sai ki rantse kunu ne. Nama na halal da masallatai suna Nyamirambo da Biryogo, can ne unguwannin Musulmi, har da babban masallacin da mutanen gari ke kira na Gaddafi.

Iyakokina tun ranar farko na faɗe su, a fili kuma da fara'a: ba na shan giya, ba na cin alade, ina tashi in yi sallah in lokaci ya yi, maza kuma ina gaishe su da hannu a ƙirji. Babu wanda ya ƙara tayar da zancen. Wadda ta yi nauyin baki a farko ita ce za ki ga kullum tana ƙirƙirar ciwon ciki a wajen walima.

Abin da ya fi shigar da ni cikin mutane shi ne umuganda. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, da safe har wajen ƙarfe 11, ana rufe shaguna, motoci su tsaya, kowa ya fito aikin gayya: yashe magudanar ruwa, sassabe, gyaran hanya, wani lokaci gina wa mai rauni ɗaki. Ya yi kama da tsaftar muhallin ƙarshen wata da muka sani, sai dai su fitowa suke yi, ba barci suke ƙarawa ba. In an gama a zauna a tattauna matsalar unguwa. Ba a tilasta wa baƙo, amma ranar da na karɓi fartanya na shiga layi, matan da ke wuce ni ba magana suka fara tsayawa suna koya mini gaisuwa. Muraho, sannu ke nan. Murakoze, na gode. Ki kula da lissafin agogonsu ma, daga wayewar gari suke fara ƙirga awa. An ce mini taro saa tatu, wato awa uku, na ɗauka ƙarfe uku na rana ne, ashe tara na safe ake nufi. Na iso an daɗe da watsewa.

Wannan kuskuren dariya aka yi mini. Akwai wanda ba a yi dariya ba. Kin san mu, in muka haɗu da baƙo tambayar farko ita ce wane yare ne, don a samu ƙofar wasa, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Muna cin abincin rana na tambayi abokiyar aikina ko ita Hutu ce ko Tutsi. Wurin ya yi tsit, har ƙarar cokali ta ɗauke. Ba ta yi fushi ba, ta ce kawai ita 'yar Ruwanda ce. Ranar Asabar ta kai ni wurin tunawa da kisan ƙare dangi da ke Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000. A can na ga katin shaida irin na da, mai ɗauke da ƙabilar mutum, wanda a 1994 ake dubawa a shingen hanya a yanke wa mutum hukuncin rai ko mutuwa. Cikin kwana ɗari aka kashe mutum sama da 800,000, mafi yawansu Tutsi, kuma masu kisan da waɗanda aka kashe harshe ɗaya suke yi, unguwa ɗaya suke zaune. Na karanta wannan a takardun da aka ba mu kafin tafiya, amma bai hana bakina suɓucewa ba. Da a ƙauye na yi wannan tambaya, ina matsayin ma'aikaciya a gaban iyayen yara, ban san yadda zan gyara ba. Da yake mai koyo ce ni, sai aka ja hannuna aka nuna mini. Idan zamanki ya kai 7 ga Afrilu, ranar ake fara makon makoki, ki rage murya da kiɗa, ki bi yadda kika ga ana yi.

Don haka in an ce ki gwada sabon abu, ni ba yawon buɗe ido nake nufi ba. Takardar izinin ganin goggon biri a tsaunukan Musanze tsada ce da ita, alawus ɗinmu ko ƙurarta bai hango ba, kuma ban ji na yi asara ba. Ki shiga motar haya ke kaɗai, ki yi ciniki a kasuwar Kimironko da guntun yaren da kika tsinta, ki amsa gayyatar biki, ki nemi a ba ki jagorancin zama ɗaya a wajen horon ko da muryarki na rawa.

Wajen haɗa kaya, ki sa katin rigakafin cutar shawara a jakar hannu tare da fasfo, ki ɗauki rigar sanyi da lema. Kuka, daddawa da yaji ki zuba su a roba mai murfi, don tun 2008 aka haramta leda a ƙasar, ana iya karɓe ta tun daga filin jirgi. Kuma kada ki riƙa cin abu kina tafiya a titi, su abin kunya ne a wurinsu. Allah ya kai ki lafiya, ki gaida su Mama.